Jirgin Da Ke Bi Ta Ƙarƙashin Kogi



A makon jiya wata 'yar'uwarmu daga Libata ta aiko mini da saƙo. Ta ce ɗanta ya biya mata kuɗin Umra, har ya sayo mata tikitin jirgin ƙasa daga Madina zuwa Makka, ita kuwa tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a hoto. Jirgin sama, in ji ta, bai dame ta ba, gama wannan zaunar da ita za a yi a ɗaure ta, in an isa a ce ta sauka. Abin da ya hana ta barci shi ne tasha, kada ta shiga inda ba a shiga, ko jirgi ya tafi da abokan tafiyarta ya bar ta tsaye a ƙasar da ba ta jin bakin mutanenta. To, 'yar'uwa, yau da ke na ke. Sauran kuma ku matso kusa, don wadda ba ta tafi bana ba, wataƙila baɗi ita ce.

Da farko dai kada ki ji kunya. Dogo bai taɓa zuwa ƙasar Yauri ba. Ya isa Kano a 1911, ya isa Ƙaura Namoda a 1929, amma ta Jebba da Zungeru da Minna ya bi, ya bar mu nan da Kwara, ita ce hanyarmu tun kaka da kakanni. Cikin tsofaffin da suka tafi Makka a ƙasa ma akwai waɗanda ba su fara shiga jirgin ƙasa ba sai can Sudan, bayan sun yi watanni a hanya, inda dogo ya zo garin Al'ubayyid a 1912, daga nan ya kwashe su zuwa bakin Bahar Maliya. In su da ba su da ko agogo sun iya, ke mai waya a hannu me zai gagare ki?

Ni kaina wuya ce ta koya mini. A 2022 muka kai yayana, ɗan Gwaggo, Alƙahira babban birnin Masar, don a yi masa aiki a ƙashin baya. Ni da Gwaggon muka raka shi. Aka kwantar da shi a wani asibiti a unguwar Ma'adi, mu kuwa ɗakin da wani ɗalibi ɗan ƙasarmu ya samo mana mai sauƙin kuɗi yana Dukki, a wancan ƙetaren Kogin Nilu. Kullum safiya mu ɗauki tasi, kullum yamma mu ɗauki tasi. Ran nan na zauna na ƙidaya abin da ya rage a lalita, sai na ga in muka ci gaba haka, kafin a sallami mara lafiya kuɗin magani sun ƙare a aljihun direbobi. Kuɗin nan kuwa ba tsintarsu aka yi ba, shanu biyu aka sayar, aka jinginar da fadama. Na gaya wa ɗalibin nan. Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ai ga metiro nan bayan gidanku. Abin da ku ke ba mai tasi rana guda ya ishe ku mako."

Metiro, watau jirgin ƙasa na cikin gari, da lantarki ya ke aiki, in ya zo tsakiyar birni sai ya nutse cikin rami kamar gafiya, ya bar motoci a sama suna ta cunkoso. Turawan Ingila suka fara shi a Landan a 1863. Na Alƙahira an buɗe shi a 1987, shi ne na farko a duk Afirka.

Da Gwaggo ta ji daga Dukki ta ƙarƙashin kogi za a bi, sai ta zauna daɓas a bakin gado. Ta ce, "Ke ɗiyar nan, ni a gungu aka haife ni, kan ruwa na girma, ina yarinya na ga ruwan Kainji ya cinye garinmu. Amma ban taɓa jin wanda ke bin kogi ta ƙasa ba sai kada da ayu. In ya tsage fa?" Na ce, "Gwaggo, tun 1999 a ke bi, bai tsage ba." Ta yi shiru, can ta ce in dai don ɗanta ne, ko bakin kadan ne sai ta shiga.

To, ga abin da ya kamata ki fara ganewa, in kin gane shi rabin aikin ya ƙare. Kowane layin metiro kamar Kwara ya ke, yana da hawa yana da gangara. In kin tsaya a kwatar Yelwa, jirgin da ya nufi gangara shi zai kai ki Wara, wanda ya nufi hawa kuwa wajen ƙasar Shanga da Bagudo zai yi da ke, ko da ya ke ruwan ɗaya ne, jiragen ma iri ɗaya. Bambancin kawai, a can ba mai tsayawa yana kiran gari, ba a kuma rubuta hawa ko gangara. Sunan tashar ƙarshe a ke rubutawa a kan allo, da kibiya. Saboda haka sanin sunan inda za ki sauka bai isa ba, sai kin san sunan ƙarshen layin da ke bayansa. Mu daga Dukki mu kan bi kibiyar Shubra, mu wuce tashar Opera, wadda ke kan wani gungu a tsakiyar Nilu, mu sauka a Sadat. A nan layi biyu suka haɗu, kamar inda rafi ke shiga kogi. Ba fita waje za a yi ba, matakala za a bi a koma ɗaya layin, a nemi kibiyar Hilwan, gama Ma'adi a kan hanyar Hilwan ta ke. Ɗaya kibiyar ta Maraj ce, can arewa.

Ranar farko da muka tafi mu kaɗai, ni da ke taƙama na yi boko, na ga jirgi tsaye ƙofa a buɗe, na ja hannun Gwaggo muka faɗa. Ban dubi kibiya ba. Ita kuwa tun a gida ta sa ɗalibin nan ya jero mata sunayen tashoshi, ta ƙidaya takwas a carbinta ta riƙe da yatsa, kowace tasha ta saki ɗaya. Da jirgi ya tsaya karon farko sai ta leƙa ta taga, ta tsura wa allon ido, ta haɗa baƙaƙen kamar yadda aka koya mata a makarantar allo, ta taɓa ni ta ce, "Yaron nan Sa'adu ya ce mini na farko. Wannan kuwa Nasiru na gani." Ashe Maraj muka dosa. Kunya ta kama ni ƙwarai. Muka daure har Shuhada, muka sauka, muka bi matakala zuwa ɗaya gefen, muka komo. Ba a yi minti goma sha biyar ba mun dawo inda muka taso. Kuskuren metiro ke nan, ba ya kai mutum daji. Ki sauka a tasha ta gaba, ki juya.

Ki lura kuma da sunaye masu kama da juna. A layin nan tasha uku ce jere ke ɗauke da sunan Ma'adi: Hada'iƙul Ma'adi, da Ma'adi ita kanta, da Sakanatul Ma'adi. Mai gaggawa da ta ji an ce Ma'adi sai ta yi tsalle ta fita tun a ta farko. Carbin Gwaggo ya fi kunnena amfani a nan, gama Misirawa in suna magana sai su haɗiye rabin kalma.

Ina so in tsaya kaɗan a kan maganar makarantar allo, don na ga mata da yawa suna raina abin da ke hannunsu. Ke da ki ke karanta Alƙur'ani, a Masar da Makka da Dubai ba jahila ba ce ke. Duk allon da ke tasha an rubuta shi da Larabci da Turanci. Ki riƙe kalmomi kaɗan: mahaɗɗa ita ce tasha, rasif shi ne dandamalin da a ke tsayawa, tazkira tikiti, dukhul shiga, khuruj fita. Lambobin nan da ki ke gani a ƙarshen aya, su ne a kan ƙofa da agogo. Sai dai 'yan boko su yi hankali, gama biyar ɗin Larabawa zagaye ce kamar sifilin boko, shidarsu kuwa sak bakwai ta boko, sifilinsu ɗigo ne kawai. Na taɓa ganin an rubuta mini 65 na karanta 70, na miƙa kuɗi fiye da ƙa'ida ina ganin na yi daidai.

Tikiti ba ciniki a kansa. Ki je taga, ki faɗi sunan tasharki, ki nuna da yatsa ku nawa ne, a gaya miki kuɗi gwargwadon yawan tashoshin da za ki wuce. Kowa da nasa, ba a bin bayan wani a kutsa. Akwai wata 'yar ƙofar ƙarfe, ki tura tikitin a bakinta, ta tofo miki shi ta gaba, ki karɓe, sa'an nan ki wuce. Kada ki yar, don da shi za ki fita a can. Kada kuma ki ƙulle shi a haɓar zane kamar kuɗin cefane, in ya lanƙwashe ƙofa ba ta karɓarsa. Jakarki za a sa ta a na'ura a haska kafin ki shiga, ba don an zarge ki ba, kowa haka a ke yi masa.

Matakala mai tafiya da kanta ita ta fi ba ni tsoro saboda irin suturarmu. Tana da haƙora a ƙarshenta, in ta kama bakin hijabi ko zane ba ta saki. Ki tattare kayanki da hannu ɗaya sama da idon sawu, ɗaya hannun ki dafa robar gefe, ki taka tsakiyar mataki, ki tsaya cik. In an zo ƙarshe ki ɗaga ƙafa ki yi gaba, kada ki tsaya nan kina gyara lulluɓi, na baya za su hau kanki. Wadda ƙafarta ba ta da ƙarfi ta nemi matakalar siminti ko lif, ba abin kunya ba ne. Gwaggo sai da ta yi mako guda kafin ta yarda ta hau, daga baya kuwa sai na riƙa hana ta.

A Alƙahira an keɓe wa mata taragu a tsakiyar jirgi. Ki dubi allon da aka rubuta sayyidat a kan dandamali, ki tsaya a ƙarƙashinsa, nan ƙofarku za ta zo. Ba dole ba ne, mace tana iya shiga kowane tarago, amma namiji ba ya shiga naku. Ciki kasuwa ce sosai, ga masu tallan allura da safa da tsefe, ga mai goyo, ga 'yan makaranta. Tsohuwa ba ta daɗewa a tsaye, yarinya za ta tashi ta ba ta wuri.

A wannan taragon ne na ga abin da ba zan manta ba. Wata safiya a Sadat mutane sun yi yawa, Gwaggo ta riga ni sa ƙafa, ni na juya in gyara kular abincin da mu ke kai wa mara lafiya, sai na ji ƙara, ƙofa ta rufe. Ina ganin fuskarta ta gilashi jirgi ya ja. Ga kuɗi da waya da takardar masauki duk suna jakata. Tsohuwa ba Larabci ba Turanci, a garin da mutanensa sun ninka na jihar Kebbi duka sau da yawa. Ƙafafuna suka mutu. Na rasa abin yi, in tsaya ko in bi ta. Da wani jirgin ya zo na shiga ina salati, ya tsaya a Sa'ad Zaglul, na leƙa, sai ga Gwaggo zaune a kan benci, wata Bamisiriya mai ƙiba riƙe da hannunta. Ashe matar ta ga abin da ya faru, ta jawo ta suka sauka a tasha ta gaba, ta bar nata uzurin ta zauna jirana. Ta yi mini faɗa da Larabci wanda ban ji ko kalma ba amma na gane duka, ta sumbaci Gwaggo a goshi, ta shige jirgi. Ko sunanta ban samu ba. Allah ya saka mata da alheri.

Tun daga ranar muka yi ƙa'ida, ke ma ki yi da abokan tafiyarki tun kafin ku bar masauki: wadda jirgi ya tafi da ita ta sauka a tasha ta gaba ta zauna, kada ta fita ƙofa, wadda aka bari ta biyo jirgi na gaba. Kowace kuma ta sa katin masauki da 'yan kuɗi a jikinta, ba a jakar wata ba. Yaro da tsohuwa a riƙe hannunsu, a shiga tare ko a fasa tare. In ƙofa ta fara rufuwa kada ki sa hannu. Wannan ba jirgin kwata ba ne da za ki ɗaga murya mai jirgi ya juyo don ya san mijinki. In kin ga tarago ya cika, bar shi ya tafi, ba a minti biyar wani ya zo. Mu a nan abin da ke sa mu cusa kai cikin jirgin da ya riga ya cika shi ne sanin in ya tafi sai gobe, mun kuwa ga abin da lodi ya jawo mana ran 26 ga Mayu 2021, da jirgin nan mai ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Wara. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. A can ba abin da zai tilasta miki.

Masu zuwa saro kaya Dubai, naku an buɗe shi a 2009, ba shi da direba sam, kada ki tsorata in kin leƙa gaba kin ga ba kowa. Kati a ke saya mai suna Nol, a zuba masa kuɗi, ki taɓa shi a ƙofa in za ki shiga, ki sake taɓawa in za ki fita. Akwai taragon mata da yara, akwai kuma na masu tsada, in kin shiga shi da ƙaramin kati tara za a ci ki. Ci da sha a ciki ma tara ne, har da cingam, saboda haka goron nan ki bar shi a jaka. A Delhi ta ƙasar Indiya tarago na farko na mata ne. A Landan kuwa ba ruwansu, kowa da kowa a cakuɗe, abin da za su harare ki a kai shi ne tsayawa a hagu kan matakala, gama hagu ta masu sauri ce.

Yanzu na komo kanki, 'yar'uwata ta Libata. Naki ba metiro ba ne, babban jirgi ne mai dogon zango, ana kiransa Haramaini, an buɗe shi a 2018. Tsakanin Madina da Makka wajen kilomita 450 ne, yana gudun kilomita 300 a awa, ya kai ki cikin wajen awa biyu da rabi, tafiyar da mota ke yi awa biyar ko shida. Ya fi metiro sauƙi ta wata fuska, don kujerarki da lambarta, ba mai zama miki. A tikitin ki nemi lokaci, da lambar tarago, da lambar kujera. In kin ga 14:30, biyu da rabi na rana ke nan. Agogon Makka ya riga namu da awa biyu, ki gyara naki tun a filin jirgin sama. Ki isa tasha da wuri, kamar awa guda kafin lokaci, gama tashar Madina tana da nisa da Masallacin Annabi, sai an hau mota, ga layin haska kaya, kuma ana rufe ƙofa kafin jirgi ya tashi. Kaya ba a ɗibar su kamar na amarya, babbar jaka ɗaya wadda ba ta wuce kilo 25 ba, da 'yar ta hannu. Akwai bayan gida a ciki da wurin sayen shayi, abin da metiro ba shi da shi.

Abu biyu kada ki manta. Jirgin yana tsayawa a hanya, har da Jidda, in kin ga mutane sun miƙe kada ki bi su, ke ta ƙarshe ce taki. Na biyun ya fi girma. Mota ta kan tsaya a miƙati, watau Zulhulaifa da a ke kira Abyar Ali, mutane su sauka su yi shiri su ɗauki harami. Jirgi ba ya tsayawa a nan, wucewa ya ke yi jim kaɗan bayan ya bar Madina. Saboda haka wankanki da shirinki ki gama su tun a masauki, ki kuma tambayi malaminku tun kina gida yadda za ki yi niyya, kada ki tsaya kallon duwatsu ta taga har a wuce da ke. In kin sauka a tashar Makka, unguwar Rusaifa ke nan, da sauran 'yar tafiya a mota kafin Harami.

Akwai wani jirgin dabam da ke aiki kwanakin Hajji kaɗai, tun 2010, tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa, tasha tara, uku a kowane wuri. Ba kowane alhaji ke shigarsa ba, sai waɗanda aka tsara tantinsu da shi aka ba su shaida. In jagoranku ya ce mota ce taku, ki bi mota, kada ki ga jirgi a sama ki rabu da ayarinki.

Af, na kusa mantawa. A 2022 kamfanin da ke tafiyar da jirgin Haramaini ya yi shelar yana neman mata 30 da za a koya wa tuƙi, mata wajen 28,000 suka nema, a farkon 2023 kuwa 32 suka gama koyo. Da na gaya wa Gwaggo wannan sai ta ce ita ba ta ga abin mamaki ba, tana 'yar shekara goma ta ke tuƙa kwale-kwale ita kaɗai daga gungunsu zuwa kasuwa, ga iska ga dorina, ba kuwa wanda ya shimfiɗa mata ƙarfe ta bi. Yayana dai ya tashi, yana tafiya da ƙafarsa, an kuma fanso fadamar bara. In kin dawo lafiya, 'yar'uwa, ki aiko mini da labarin yadda kuka ƙare da matakala.